Da Hausa Ta Bar Bakin Inna

Yendi, watan Rajab, shekara ta 1357

Takarda daga Hanatu 'yar Malam Sidiku zuwa ga yayanta Mahama, mai shanu, a zangon Bawku.

Gaisuwa mai yawa da so da aminci. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka da yara duka. Yaya damina a wajenku, yaya kasuwa? Mu nan jikinmu lafiya, hankalinmu ne ba ya jikinmu. Da hannuna nake rubutawa, in ka ga baƙaƙen sun karkace kada ka zargi alƙalami.

Bayan haka, Yaya, Inna ta faɗi. Ranar Talata da hantsi tana tsakar gida tana tace gasarar koko, aikin da ka san ba ta yarda kowa ya taɓa mata, sai 'yata Latifatu ta ji ƙwarya ta fashe. Ko da muka fito mun tarar da ita kwance cikin gasara, baki ya karkace, hannun dama da ƙafar dama sun saki. Muka cicciɓe ta zuwa ɗaki. Ta yi kwanaki ba ta san wanda ke kanta ba. Ranar da ta buɗe ido ta motsa baki na yi hamdala, ashe ban san abin da ke tafe ba.

Hausa ta fita daga bakin Inna. Kada ka ɗauka harshe ne ya yi nauyi. Magana take yi tar, da sauri ma, amma da wani yare da ban taɓa ji a bakinta ba tun da ta haife ni. Dagwambancin da take cinikin koko da shi ya tafi. Gwanjancin da take zagin awaki da shi ya tafi. In na ce mata ga ruwa, sai ta bi ni da ido kawai. Sunana ma bai zo bakinta ba, ni Hanatu da take kira tun daga ƙofar gida har maƙwabta su ji.

Matan unguwa sun ce iska ce ta shige ta. Malam Issah ya yi rubutu an ba ta, an yi turare har idona ya yi ja. Ni dai na san ba iska ba ce. Yaren gidansu ne, na tun kafin Zabarmawa su kamo ta tana ƙaramar yarinya a kawo ta kasuwar Salaga. Na san ba ka son a taɓo zancen nan. Na san a Bawku jikan Kanawa kake, ɗan fataken goro, kuma ba ƙarya ba ne, Baba Bakano ne gaba da baya. To amma ba Baba ne ya ba ka nono ba, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abin da ke cin raina shi ne akwai magana guda da take maimaitawa, 'yar gajeruwa. Sai ta damƙi wuyan hannuna da hannun hagun da ya rage mata, ta kafe ni da ido, ta faɗa, ta yi shiru tana jira. Tambaya ce, wannan ko kurma ya gani ya sani. In ba ta sami abin da take jira ba sai ta sake faɗa, daga nan sai kuka. Yaya, ka taɓa ganin hawayen Inna? Ranar da aka fita da gawar Baba ma gyara ɗankwali ta yi ta hura wuta, ta ce masu sayen koko ba su san an yi mutuwa ba, kuma cikin marayu ba ya zaman makoki. Wannan matar ce yau take kuka da majina kamar 'yar yaye. Kuma ni kaɗai take yi wa. In Latifatu ta shiga sai ta yi mata murmushi ta shafa mata kai, ni kuwa da na leƙo sai tambayar nan.

Me take nema a wurina? Wasiyya ce? Wani wuri ne ke mata ciwo? Wani laifi na yi mata da take so in roƙi gafara? Wallahi da na sani, ko naman jikina ne sai na yanka mata. Ban bar kowa ba a Yendi. Na kawo Mosawa masu jakuna, na kawo wata mata daga ƙauyen Konkomba, na je har bariki na roƙi ɗan sandan nan da ake ce wa Gurunsi, tunda ita ma haka ake ce mata. Mutumin kirki, ya cire takalmi ya tsuguna ya kasa kunne, ya tashi ya ce shi bai ji ko kalma ɗaya ba. Na ce masa ashe kai ba Gurunsi ba ne? Ya yi 'yar dariya ya fita.

Ku a Bawku babu irin bakin da ba ya zuwa kasuwarku, daga ƙasar da Faransa ke mulki, daga Bolgatanga, daga ko'ina. Don Allah, don Annabi, ka nemo mini mutum ɗaya mai jin yaren nan ka sa shi a mota. Ka tuna da kuɗin koko ta saya maka tunkiyar farko, ita ta haifi garken da kake taƙama da shi. Ba ta taɓa roƙonka komai ba, ko goro ka aiko sai ta rabar. Yanzu ma ba ita ke roƙo ba, ni ce.

Ka gaida mutanen gida. Latifatu tana gaishe ka. Wassalam.

Ƙanwarka, Hanatu.


Salaga, farkon Sha'aban

Zuwa ga yayana Mahama.

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, da iyali, da dukiya. Ban ga amsar takardata ba. Na ba zuciyata haƙuri da cewa ruwa ne ya cika hanya, masu koro shanu ba su sauko da amsar ba. Allah ya sa haka ne.

Kada ka yi mamakin ganin Salaga a kan takardar nan. Na bar Inna a hannun Latifatu na hau motar doya na taho, don na kasa zama ina kallonta. Na ce inda aka saye ta, a can za a san inda aka kamo ta. Haba, wauta ce kawai. Garin da Baba yake ba mu labari, mai ayari bayan ayari, yanzu ciyawa ta fi mutane yawa, sai ka lura da ƙafarka kada ka rufta tsohuwar rijiya. Gidan kakanmu kango ne, an shuka kuɓewa a ciki. Na sami wani tsoho cikin dangin Baba, na tambaye shi garin su Inna. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce shi bai taɓa jin wanda ya sayi baiwa ya tambayi sunan garinta ba. Na haɗiye abin da ya zo bakina saboda furfurarsa.

Shi ya nuna mini ɗakin Iya Awawu. Za ka tuna ta in ka yi ƙoƙari, ita ma baiwar gidan ce, shekara ɗaya aka kawo su da Inna. Ta makance, amma kanta garau. Da na faɗi sunana ta shafa fuskata ta yi ta kuka, ta yi ta tsokanata wai hancin Baba na ɗauko na bar kyawun Inna. Da na ce Gurunsanci nake nema, ta yi dariya har ta sarƙe. Ta ce babu wani yare wai shi Gurunsanci. Suna ne da fatake suka yi wa duk wanda aka ɗauro da igiya daga arewa, yadda ake ce wa duk abin da ke cikin buhu kaya. Ta ce su da yawa suka kwana ɗaki ɗaya a gidan nan, duka ana ce musu Gurunsi, babu mai jin bakin wata, da hannu suke magana. Ka ga abin kunya? Shekara arba'in da wani abu ina 'yarta, ban san wannan ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ta ba ni labarin da Inna ba ta taɓa ba mu ba. Ta ce da aka kawo ta haƙoran gaba ma ba su gama fitowa ba, kuma ta yi damina da rani ba ta ce uffan ba, har aka ɗauka bebiya ce. Ruwa kawai take ja daga rijiya tana kai wa fatake. Wata rana sai aka ji ta tana tallan ruwa da Hausa, daga ranar kuwa ba a sake jin wani yare a bakinta ba. Ta ce da ta girma Baba ya 'yanta ta ya aure ta, ya koya mata salla, ta riƙe ta fi 'ya'yan malamai.

Ta kuma ba ni labarinka, tunda kai ka manta. Shekarar da yaƙi ya ci Salaga aka watse, kana da shekara huɗu, ƙato da kai, kana iya tafiya da ƙafarka. Inna ta goya ka tun daga nan har Yendi. Baba ya ce ta sauke ka ka taka, ta ƙi. Wani ya ce a ɗora ka a jaki, ta ƙi. A zaune take barci kana bayanta, da kai ta tsallake kogi ruwa iya ƙirji. Da aka isa aka kwance majanyi, fatar kafaɗarta ta biyo zanen. Tabon nan da muke gani in tana wanka, naka ne. Ni ma ina da nawa bashin. Shekarar annobar marisuwa da nake kwance rai a hannun Allah bayan haihuwar Latifatu, ita ta goya jaririyar tana ɗura mata nonon akuya da ɗan ludayi, tana wanke gawar maƙwabta, tana dama koko, duk a yini ɗaya. Shi ya sa yarinyar nan ba ta san wata uwa ba sai Kaka.

Ga shawarar Iya Awawu, kuma ita ce dalilin takardar nan. Ta ce mu bar bin suna, mu bi fuska. Kowane gari da tsagarsa. Ka san ta Inna, amma bari in tuna maka: dogaye uku a kowane kunci daga gefen ido zuwa haɓa, da bille guda a hagu, da ƙanana jere a goshi kamar matakalar rumbu. Ka shiga kasuwa ranar da take ci, ka bi layin masu daddawa da masu itace da masu tukwane, ka duba fuskokin tsofaffi. Duk wadda ka gani da irin wannan, 'yar garinsu ce ko maƙwabciya.

Wani abu kuma. Latifatu ta ce mu da muka haddace izu-izu na Alƙur'ani ba mu jin Larabci, me zai hana mu haddace maganar Kaka? Ta zauna ta ɗauke ta tsaf, da hawa da saukar muryar, har da wasu guntayen maganganu da take yi in zazzaɓi ya taso. Na rubuta tambayar da ajami a 'yar takarda na naɗe cikin wannan. Ka karanta wa duk wanda ka samu.

Gobe zan koma. Ban san me zan tarar ba. Ka gaida kowa.

Ƙanwarka, Hanatu.


Yendi, ƙarshen Sha'aban

Zuwa ga Yaya Mahama.

Bayan gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Saƙonka ya iso ta hannun Sayibu direba: zuma kwalba guda, da alawayyo fari, da takardarka.

Alawayyo, Yaya? Mutum na roƙe ka, ka aiko mini da likkafani? Tana da rai! Tana numfashi, tana tambayata! Na buɗe ƙunshin nan a gaban Latifatu, yarinyar ta ɗora hannu a ka ta fita da gudu. Tir. Ko maƙiyi ya san ba a haka.

Ka ce ka ba wani yaronka 'yar takardar ya karanta a kasuwa, mutane suka yi dariya. Dole su yi. Ajami ba ya ɗaukar muryar, kuma ba yaronka na aika ba. Ka ce malamai sun ce magagin ajali ne, a bar ta ta huta. Wane malami ne ya zo ya zauna a gefen tabarmarta? Mai magagi ba ya jiran amsa. Sai a can ƙasan takarda ka faɗi gaskiya, cewa ana maganar auren 'yarka Mansuratu da gidan liman, ba ka so a gan ka kana bin tsofaffin arna kana leƙa musu fuska. To, na ji. Allah ya sa albarka a auren. Amma jinin da ke jikin Mansuratu daga ina ya zo? In gidan liman ba za su ɗauki jikar Inna ba, wallahi ba su isa su same ta ba. Matar da ba ta taɓa barin asuba ta wuce ta ba, matar da rabin yaran zangon Yendi suka girma da kokonta kyauta, ita ce abin ɓoyewa?

Ka yafe mini zafin baki, ka san halina. Ba faɗa na zauna yi ba. Jikin ya ja baya ƙwarai. Koko ma sai an ɗiga mata da tsinken cokali, bayanta ya fara gyambo, muryar ta dushe sai na kai kunne bakinta. Ba ta fasa tambayar ba. Ƙarfin da ya rage mata duka a kan tambayar nan take ƙarar da shi, ni kuwa ina zaune kamar gunki. Na daina cin abinci, na daina kwana, in na ji ta motsa sai in ji kamar in gudu daga gidan. Ka ji abin da na zama, ina gudun uwata.

Ga ni na durƙusa, Yaya. Ban taɓa durƙusa maka ba tun muna yara, ka sani. In ba za ka iya da rana ba, ka bi matar gida. In ba ka so a san kai ne, ka ce wata mahaukaciya ce a Yendi ta aiko. Azumi ya ƙarato, kuma ban ga alamar Inna za ta ga Salla ba. In ta tafi da tambayar nan a bakinta, ni ce zan zauna da ita har kabarina, kai kana can cikin shanunka.

Wassalam. Hanatu.


Yendi, cikin watan azumi

Zuwa ga yayana Mahama.

Assalamu alaikum. Gaisuwa, da barka da shan ruwa. Ina fata kana lafiya da iyali duka.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Inna ta cika ranar Alhamis da hantsi, an kai ta bayan azahar. Mutanen da suka raka ta sun cika hanya, har da Dagwamba da ba sa salla tare da mu. Da alawayyonka aka suturta ta. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, ya ba mu haƙuri. Ina yi maka ta'aziyya, kai ma ka yi mini.

Tsohuwar da ka aiko, Iya Adisa mai daddawa, ta iso ranar Laraba. Motar ta lalace musu a Walewale, shi ya jinkirta su. Da ta sauko na ga fuskarta, tsagar Inna ce sak har billen. Ta gaya mini ta daɗe da saninka. Ta ce shekara da shekaru kana wucewa ta gaban tallanta, ka dube ta ka kau da kai, har tana zaton bashi take ci maka. Ta kuma ce ranar da ka zo, da kanka ka zo, tsakiyar kasuwa, ka tsuguna gaban faifanta kowa yana gani. Wannan na ji shi, kuma na gode. Allah ya saka maka. Sauran ba zan faɗa ba, azumi nake yi.

Kafin ta iso Inna ta riga ta daina magana, ido a rufe, sai numfashi. Iya Adisa ta zauna kusa da ita ta yi mata magana da yarensu, ta yi ta yi, ko gezau. Sai Latifatu ta gyara zama kamar mai ba da hadda, ta karanto maganar Kaka yadda ta ɗauke ta. Tun ba ta kai ƙarshe ba tsohuwar ta dafe ƙirji. Ta ce a sake. Aka sake, aka ƙara da guntayen nan na lokacin zazzaɓi. Sai ta fassara mini. Hausarta irin ta kasuwa ce, amma na fahimce ta sarai, da ma ban fahimta ba.

Ta ce wannan ba maganar babba ba ce, bakin ƙaramar yarinya ne, kuma da uwarta take yi. Inna ni ta ɗauka uwarta. Ranar da masu doki suka faɗa wa garinsu an bar mata goyon ƙanenta, jariri, uwar ta tafi gona. Da ta ji ƙarar kofato ta san ba za ta iya gudu da shi ba, sai ta kwance shi ta ajiye a gindin wata tsamiya a bakin rafi, ta rufe shi da ganye, ta ruga wani gefe. A nan aka kama ta. Abin da take ta faɗa mini ke nan: ta ajiye shi a gindin tsamiya, ta rufe shi da ganye, ko ni uwarta na gan shi?

Yaya, ka san abin da nake yi duk lokacin da ta tambaye ni? Girgiza kai nake yi. Ni nufina ban ji ba, Inna, ban gane ba. Ita kuwa uwarta take gani tana ce mata a'a, ba a gan shi ba. Tun daga Rajab, safe da yamma, duk sanda ta tattara ƙarfinta ta tambaya, ni da kaina nake ce mata yaron ya ɓata. Wayyo Allah. Da na sani ko da gyaɗa kai ne da na yi, da ta samu ta yi barci. Na faɗi ƙasa a ɗakin nan na yi ta birgima, sai da Iya Adisa ta daka mini tsawa ta ce kuka ba yanzu ba, mai tambaya tana da sauran numfashi.

Ta ce ba muryarta Inna take jira ba, tawa ce. Ta koya mini amsar, kalmomi kaɗan: na gan shi, na ɗauko shi, yana gida. Harshena ya yi ta karyewa, tana gyara mini kamar 'yar makarantar allo, har ta ce ya yi. Na sa baki a kunnen Inna na faɗa. Ido a rufe yake, ba za ta ga kaina ba, sai na ɗauki hannunta na hagu na ɗora a kaina, ina faɗa ina gyaɗawa don ta ji da tafinta. Haka na yi har aka sha ruwa, haka na yi washegari har muryata ta tafi, ina cikin faɗa numfashin ya tsaya. Latifatu ta rantse ta ga yatsun sun motsa cikin gashina. Ni ban ji ba. Yarinyar tana sona, babu abin da ba za ta faɗa ba don in samu sauƙi. Ban sani ba ko ta ji, Yaya. Ban sani ba.

Kalmar shahada Malam Issah ya yi ta laƙƙana mata, ya ce Allah yana jin kowane yare, in bar damuwa da wannan. Na bari. Abin da ya hana ni sukuni daban ne. Da azumi a bakina na yi wa uwata ƙarya, kuma ita ce maganata ta ƙarshe da ita. Ban gan shi ba. Ban san ko uwarsu ta dawo ta same shi ba, ko kura ce, ko rana.

Iya Adisa za ta taso bayan sadakar uku. Ta ce garinsu yana yamma da Bolgatanga, rabonta da shi tun aurenta na fari, kuma garuruwan da ke yin tsagar nan ba su da yawa. Sunan yaron yana cikin maganar Inna. Ba zan rubuta ba, ajami zai ɓata shi, ka karɓa daga bakinta. In ya rayu, yanzu tsoho ne mai furfura, kawunmu ne. In bai rayu ba, wataƙila akwai wata tsohuwa da ta ji labarin jaririn da aka tsinta ko aka rasa a gindin tsamiya, shekarar masu doki.

Na san abin da za ka ce. Shekara sittin, tsamiya nawa ce a ƙasar nan, rafi nawa. Na sani. Duk da haka ka je. Kana da ƙafa, kana da jaki, hanya ta bushe. Ka bi Iya Adisa gari gari ka kira sunan nan. In ka ƙi, ka aiko mini in sani, ni zan ɗaura zane in tafi bayan Salla. Na ce wa Inna an gan shi, Yaya. Kada ka bar ni da ƙarya tsakanina da ita.

Latifatu tana gaishe ka, tana yi maka gaisuwar Kaka. Ka gaida Mansuratu, ka gaya mata ko ita wace ce. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka, Hanatu 'yar Inna.